Jirgin da ke Tafiya Ƙarƙashin Ƙasa: Tarihin Metiro na Birnin Alƙahira

  Ina gaida dukan ɗaliban azuzuwan manya, maza da mata, musamman na Gidan Amumune da na sauran garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa.

Hirarmu ta yau wata tambaya ce ta jawo ta. Ran nan, bayan an tashi daga aji, wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya dakata. Ya ce mini: "Malam, yaron nan nawa da ke karatu Masar ya kira ni ta waya. Wai kullum cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa yake yawo, wai har ƙarƙashin kogi jirgin ke bi. Ni dai na yi shiru. Ka san yaro in ya yi nisa da gida bakinsa yakan ƙara tsawo. Shin akwai wanga abu?"

Na ce: "Baba, akwai shi. Yaronka bai yi maka ƙarya ba."

Ya riƙe baki. Can sai ya ce: "To, cikin rami, inda babu rana, babu itace, babu tudu, ƙaƙa mutum ke gane inda zai sauka?"

Wagga tambaya ta biyu ita ce babba, kuma ta shafe ka, kai da ke koyon baƙaƙe yanzu. Bari mu bi labarin tun daga tushe, amsar za ta fito.

Mi ne ne wanga jirgi?

Ka san ramin gafiya. Baki ɗaya yana nan, wani bakin yana can, hanyar kuwa tana ƙasa, ba ka ganinta. To, kusan haka abin yake. Ana gina dogon rami ƙarƙashin gari, a ɗaure shi da ƙarfe da siminti don kada ya rufta. A shimfiɗa dogo a ciki, wato ƙarfen da jirgi ke bi. A sa fitilu. Bayan ƴar tazara kaɗan sai a yi tasha, kowace tasha da matakalarta mai fitowa bakin titi. Bisa, motoci na wucewa, ƴan kasuwa na ciniki. Ƙasa kuwa, jirgi na gudu da mutane. Wutar lantarki ke jansa. Ba ya ɗaukar buhun gero, ba ya ɗaukar dabba, sai mutane. In wani ya wuce, bayan ƴan mintoci wani ya zo.

Inda anka fara

A birnin Landan, babban birnin Ingila, anka fara. Wajen shekarar 1850 babu birnin da ya kai shi yawan jama'a a duniya. Lokacin ba a ƙera mota ba, keken doki ake shiga. Tituna sun cushe da dawaki da amalanke da masu tafiya ƙasa. Jiragen da ke zuwa daga ƙauyuka bakin gari suke tsayawa, don in an ce dogo ya ratsa tsakiyar birni, sai an rushe gidaje masu yawa.

Wani lauya na hukumar birnin, mai suna Charles Pearson, ya dage a kan cewa a bi ta ƙasa. Ya yi shekaru yana wagga magana kafin a yarda. A 1860 anka fara aiki. Dabarar da anka yi ita ce a tone titi kamar babban lambatu, a gina bango dama da hauni, a rufe bisa, a mayar da titi yadda yake. Ran 10 ga Janairu 1863 anka buɗe hanyar. Tsawonta kamar kilomita 6 ne, kuma ran farko mutum fiye da 30,000 sunka shiga. Shi Pearson bai ga wagga rana ba. Ya rasu a 1862, watanni kaɗan kafin buɗewa.

Jirgin farko da kwal yake aiki, kamar sauran jiragen zamanin. Ka tuna yadda ɗakin girki yake in an hura ɗanyen icce an rufe ƙofa. Haka ramin ke cika da hayaƙi, mutane na tari. Sai a 1890 anka buɗe wata hanya mai aiki da lantarki, daga nan sauran sunka bi sannu a hankali.

Birnin Paris na ƙasar Faransa ya buɗe nasa ran 19 ga Yuli 1900. Injiniyan da ya shugabanci aikin, Fulgence Bienvenüe, hannu ɗaya gare shi, don tun yana saurayi jirgi ya cire masa hannun hauni wurin aiki. Wannan bai hana shi ba, ya yi shekaru fiye da 30 yana gina hanyoyi ƙarƙashin Paris. Mutanen Paris ne sunka riƙa kiran jirgin "metiro", kuma sunan ya bi duniya.

Amma an sha wuya kafin a koyi tsari. Ran 10 ga Agusta 1903 wuta ta kama wani jirgi a Paris. Taragun na katako ne. Hayaƙi ya bi rami ya cika wata tasha da ake kira Couronnes. An ce wa mutane su fita, wasu sunka tsaya suna neman a mayar musu da kuɗin tikiti. Sai fitilu sunka mutu. Cikin duhu mutane sunka rasa ƙofa. Mutum 84 sunka rasu. Bayan wannan anka sa doka: kowace ƙofar fita a rubuta mata alama mai haske, wadda ba ta mutuwa ko sauran fitilu sun mutu. Riƙe wanga a ranka, za mu komo gare shi.

Mu da Alƙahira

Yanzu mu zo nahiyarmu ta Afirka. Alƙahira ita ce babban birnin Masar, tana bakin kogin Nilu. Ba baƙon gari ba ne ga ƙasar Hausa. Tun zamanin raƙuma alhazanmu ke yada zango can. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, ɗaya daga malamai biyu da sunka rubuta tafsirin Jalalaini da ake ja mana da azumi, mutumin Alƙahira ne. Ya rasu a 1505, kuma ya taɓa aika wa sarkin Katsina da sarkin Agadas wasiƙa ta nasiha. Masallacin Azhar, wanda ya haura shekara 1,000 da ginawa, har yau ɗiyan Nijar da na Nijeriya na zuwa karatu jami'arsa.

Masar ce ta fara samun jirgin ƙasa a Afirka. A 1856 dogo ya haɗa Iskandariya da Alƙahira. Daga baya anka yi wasu gajerun hanyoyi biyu. Ɗaya ta fita kudu zuwa garin Helwan. Ɗaya ta fita arewa maso gabas zuwa Marg. Amma hanyoyin biyu ba su haɗu ba. Kowace ta tsaya gefen tsakiyar birni. Mai son wucewa daga kudu zuwa arewa sai ya sauka, ya kutsa cikin cunkoso, ya nemi mota.

Birnin kuwa sai ƙara cika yake. Mutanen karkara na ta kwarara neman abinci, kamar yadda samarinmu ke tafiya cin rani. Yau Alƙahira da kewayenta ta haura mutum miliyan 20. Ka ga ke nan gari ɗaya ya kusa kai jama'ar Nijar duka. Motocin haya sun kasa. Mutane na lilo bakin ƙofar bas. Dole a nemi wata hanya.

Yadda anka gina shi

Shawarar da anka yanke ita ce a haɗa waɗancan hanyoyi biyu ta ƙarƙashin tsakiyar birni. Ramin bai cika kilomita 5 ba, amma in an gama shi, jirgi ɗaya zai tashi daga Helwan ya wuce har Marg. Faransa ta ba da rance, kamfanoninta sunka yi aikin tare da ma'aikatan Masar. An kama aiki a farkon shekarun 1980.

Aikin ya yi wuya, don dalilai biyu. Na farko ruwa. Mu nan ƙasar Mayahi, mai ginin rijiya yakan yi gaba da yawa kafin ya ga danshi. Can kuwa, saboda kogi na kusa, da ka tona kaɗan ruwa ya taso. Don haka sai an fara kafa bangon kankare cikin ƙasa, dama da hauni, ya tare ruwa, kana a kwashe ƙasar da ke tsakani. Na biyu, tsohon gari ne. Ƙarƙashin kowane titi akwai bututun ruwan sha, da na ƙazanta, da wayoyin lantarki da na tarho. Sai an kawar da su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yanke wa jama'a ruwa da wuta ba.

Ran 27 ga Satumba 1987, zamanin shugaba Husni Mubarak, anka buɗe kashi na farko, daga Helwan zuwa dandalin Ramsis, inda babbar tashar jirgin ƙasa take. A 1989 hanya ta kai Marg. Wanga shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Afirka da ƙasashen Larabawa duka. Yau tsawon wagga hanya ta farko kilomita 44 ne, da tasha 35. Abin mamaki, biyar kaɗai daga cikinsu ke ƙarƙashin ƙasa. Saura duk a sarari suke. Jirgin yakan taho cikin rana, ya nutse kamar kurege ya shiga rami, can gaba ya sake ɓullowa.

Ƙarƙashin kogin Nilu

Hanya ta biyu an fara buɗe ta a 1996. Ita ce wadda yaron dattijonmu ke faɗi. Nan ba a tone titi daga bisa ba. Wata ƙatuwar na'ura anka saukar cikin ƙasa, faɗin bakinta kamar mita 9. Aikinta irin na dabgi ne. Tana da haƙoran ƙarfe a gaba masu juyawa, suna cin ƙasa. Ƙasar da ta ci ana fitar da ita ta baya. Duk inda ta matsa gaba, sai a jera gutsattsarin kankare a kewaye, su zama zobe, kamar yadda ake ɗaure rijiya da siminti. Bambanci kawai, rijiya tsaye take, wanga rami kuwa kwance.

Haka na'urar ta yi ta ci har ta bi ƙarƙashin gindin kogi ta fita ƙetare. A 1999 jirgi ya fara ratsa Nilu ta ƙasa, ya kai Jami'ar Alƙahira da ke gefen Giza. Wanda ke ciki ba ya ganin ruwa, ba ya jin motsinsa. Jiragen ruwa na bisa kansa, shi yana zaune.

Hanya ta uku an buɗe ta a Fabrairu 2012, daga Ataba zuwa Abbasiya, daga baya anka yi ta ƙara mata tsawo. Ita ce ɗalibanmu sunka fi sani, don masaukin baƙin ɗalibai na Azhar yana wajen Abbasiya, daga Ataba kuma ana iya takawa da ƙafa zuwa masallacin Azhar. Yau miliyoyin mutane ke shiga metiro na Alƙahira kowace rana.

Sunayen tashoshi

Tashoshi biyar ɗin nan na ƙasa a hanya ta farko, kowace sunan wani shugaba anka ba ta. In kana tahowa daga kudu, ga yadda suke jere.

Ta farko Sa'ad Zaglul. Shi ne ya jagoranci neman ƴancin Masar daga hannun Ingila a 1919. Kabarinsa na kusa da tashar.

Ta biyu Sadat. Anwar Sadat ya yi mulki daga 1970 har anka kashe shi a 1981. Tashar tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, cibiyar birnin. A lokacin rikicin siyasa an rufe ta, daga 2013 har 2015, jirgi na wucewa ba ya tsayawa.

Ta uku Nasir. Jamal Abdul Nasir shi ne ya karɓe mashigin ruwa na Suwez ya mayar da shi hannun Masar a 1956.

Ta huɗu Urabi. Ahmad Urabi ɗan karkara ne da ya zama hafsan soja. Ya tashi tsaye don kare ƙasarsa, sojan Ingila sunka ci shi da yaƙi a 1882, sunka kai shi gudun hijira tsibirin Silon.

Ta biyar, da farko sunan Mubarak anka sa mata. A 2011 jama'a sunka yi bore, Mubarak ya sauka. Anka cire sunansa, anka rubuta Shuhada, don tunawa da waɗanda sunka rasu cikin boren. Wanda ya bar garin a 2010 ya komo bayan shekara biyu, in da ka kawai ya riƙe sunan, zai yi ta jiran tashar da babu ita. Wanda ke duba allo kuwa zai ga an sake.

Amsar tambayar dattijo

To, ƙaƙa mutum ke gane hanya cikin rami? A tashar motarmu akwai ɗan kamasho. Tun daga nesa kana jinsa: "Maraɗi! Maraɗi! Saura mutum ɗaya!" In ka shiga, ka ce wa yaron mota ya sauke ka wurin kaza, ka yi barcinka. A metiro babu ɗan kamasho, babu yaron mota. Direba yana can gaba cikin ɗakinsa a kulle. A kowace tasha jirgi ba ya cika minti ɗaya. Rubutu ne ke yin aikin ɗan kamasho.

Ga yadda abin yake, daki-daki.

Da farko, a bakin titi ka nemi allo mai babban harafin M ja. Harafin da ka koya cikin "masara" da "mota" da "Mayahi", shi ne dai. Nan matakala take.

In ka sauka, ka je taga ka sayi tikiti. Shekaru da yawa kuɗin ɗaya ne, ko ina za ka. Tun 2018 kuɗin na bin yawan tashoshin da za ka wuce, saboda haka sai ka san sunan inda za ka.

Sa'an nan ka sa tikiti cikin ƙofar ƙarfe, ta buɗe, ka karɓi abinka ta gaba. Kada ka yar da shi. Sai da shi za ka fita, kuma wanda anka kama babu tikiti tara zai biya.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Kowane gefe an rubuta masa sunan tashar ƙarshe. A hanya ta farko, gefe ɗaya Helwan, ɗaya Marg. Ka dubi taswirar da ke bango, ka ga ta wane gefe tasharka take. Wanda ya kuskure nan, jirgi zai yi ta nisanta shi da inda ya nufa, da sauri kuwa.

Cikin tarago, bisa ƙofa, an jera sunayen tashoshi kamar ƙwayar tasbaha. Duk inda jirgi ya tsaya, ka leƙa ta taga ka karanta allo, ka ƙidaya saura nawa.

Ga wani abin farin ciki. A Alƙahira kowane suna iri biyu ake rubuta shi: da baƙaƙen Larabci, da kuma na boko. Wanda ya yi makarantar allo ya riƙe hanya ɗaya. Kai da ka ƙara da ajin yaƙi da jahilci, ka riƙe biyu.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne. Amma tambaya sai da harshe, kuma sai wanda ka tara ya tsaya. Can kowa sauri yake. Allon tasha kuwa yana nan, ba ya gajiya, ba ya yi maka dariya. Ka tuna da mutanen Paris na 1903, waɗanda sunka rasa ƙofa cikin duhu. An sa alamar fita don ceton rai, amma wanda ya iya karanta ta ya fi saurin amfana.

Wata ƙasa ta lura da wagga matsala. Da birnin Meziko ya buɗe nasa metiro a 1969, mutane da yawa can ba su iya karatu ba. Sai anka ba kowace tasha hoto: wata fara, wata agwagwa, wata ƙararrawa. Dabara ce mai kyau, kuma har yau hotunan na nan. Sai dai hoto ba ya faɗa maka an rufe tasha kaza yau, ko kuɗi ya ƙaru. Wannan sai rubutu.

Ladubban shiga

Kowane wuri da ladabinsa, kamar yadda rijiya da masallaci da fada ke da nasu. Ga na metiro.

1. Bari na ciki su fito kafin ka shiga. Sai an juye tulu ake sake cika shi.

2. Ka tsaya baya da bakin dakali har jirgi ya tsaya cik. Ko kuɗinka ne ya faɗa kan dogo, kada ka sauka. Ka gaya wa ma'aikaci. A hanya ta biyu da ta uku akwai ƙarfe na uku kusa da dogo, shi ke ɗauke da wuta, kuma yana kisa.

3. Ƙofa da kanta take rufewa. In ka ji ƙara, kada ka sa hannu ko ƙafa. Wani jirgin na tafe.

4. Tun 1989 an keɓe wa mata taragunsu a Alƙahira. Suna tsakiyar jirgi, kuma akwai allo a dakali mai nuna inda suke tsayawa. Mace na iya shiga kowane tarago in ta so. Namiji ne ba ya shiga nasu. Baƙon da bai karanta allo ba ya faɗa ciki, zai sha kunya, wataƙila har da tara.

5. Ka tashi ka ba tsoho wuri, da mai ciki, da mai goyo, da naƙasasshe. Wannan ba sai an koya wa Bahaushe ba.

6. Ba a shan taba. Ba a zubar da shara. Mai cin goro ya riƙe yawunsa har ya fita.

7. In tasharka ta kusa, ka matsa bakin ƙofa tun da wuri. Za ka ji na bayanka ya ce maka: "Nazil?" Ma'anarsa, sauka za ka yi? In ba sauka za ka yi ba, ka kauce ya wuce. Ba faɗa yake nema ba.

8. Ka kula da aljihunka. Duk inda taro yake, ko kasuwar ƙauye ce, ba a rasa mai dogon hannu.

Za ka ga wasu abubuwa da za su tuna maka gida. Ƴan talla na bi tarago tarago da ƙananan kaya. Wani na zaune da Alƙur'ani yana karatu a hankali. Da azumi akan ƙara lokacin aikin jirgi cikin dare. Amma kada ka ga ba a yi doguwar gaisuwa ba ka ce mutanen ba su da kirki. Wanda ke haɗuwa da dubban fuskoki kowace safiya ba zai iya tambayar kowa gida da gajiya ba.

Mu fa?

Wataƙila ka ce: "Malam, ni da ke Gidan Amumune, ina ni ina jirgin Masar?" Saurara ka ji.

Dogo ya daɗe yana kewaya mu. Ya iso Kano a 1911. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Kakanninmu sun yi ta kai gyaɗar ƙasar Maraɗi da Tasawa kan raƙuma da jakai, daga baya cikin manyan motoci, har bakin jirgi a Kano. Ta wajen Dahome, wadda yau ake kira Benin, dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya Paraku a 1936, bai ƙaraso ba. Cikin ƙasarmu an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma aikin ya tsaya, jirgi bai kama jigilar jama'a ba. A Fabrairu 2021 gwamnatin Nijeriya ta aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Jiragen cikin gari ma sun matso kusa. Birnin Aljas na Aljeriya ya buɗe nasa na ƙarƙashin ƙasa a 2011. Abuja ta buɗe jirgin cikin gari a 2018, Legas a 2023, ko da yake su ba ta ƙasa suke bi ba. A Makka, tun 2010 akwai jirgi bisa ginshiƙai mai ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Tasha 9 gare shi, uku a kowane wuri, kowace da lambarta. Wanda Allah ya kira shi aikin hajji na iya samun kansa gaban waɗanga alluna.

Ka ga ke nan abin ba nesa yake ba. Ko kai, ko ɗanka, ko jikanka, wani zai tsaya wata rana gaban allon tasha, jirgi na jiran minti ɗaya. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Karatu na rage wagga makanta.

Na san damina na tafe da aikinta, na san wasu kan bar aji da an fara sharar gona, wasu kuma na jin nauyin zama gaban allo da furfura. Dattijon da ya yi mini tambaya ya haura shekara 60. Da na gama ba shi wanga labari, ya ɗauki alli ya rubuta M babba a allonsa, ya ce: "Ashe ko yau anka kai ni Masar na san bakin ramin." Na ce: "Ka san shi, Baba. Saura sunayen tashoshi." Gemu ba ya hana ilimi.

Aikin wanga mako

Ka amsa waɗanga tambayoyi cikin littafinka, ka nuna wa malaminka.

1. A wane birni anka fara jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma a wace shekara?
2. Wace ƙasa ta fara samunsa a Afirka?
3. Don mi ba a yar da tikiti bayan an shiga?
4. Rubuta sunan garinku, da sunayen garuruwa biyar da ake wucewa daga garinku zuwa Mayahi ko Tasawa, a jere, kamar tashoshin jirgi.

Nan za mu dakata. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana basira. Ku huta lafiya.